Jirgin da Bai Yi Agoo Ba

Na sauka Tudu da hantsi, ƙafafuna sun kumbura saboda zaman mota. Tudu ita ce tashar da manyan motoci suke juye mutane a tsakiyar Akra, kuma duk wanda ya sauka can yana waige-waige, to ya riga ya sanar da kowa cewa shi baƙo ne. Ni kuwa na yi waigen har na gaji. Wani mutum mai farar hula ya matso ya ce mini, “Sannu da zuwa, ɗan'uwa, daga Katsina ko Kano?” Jin Hausa a bakinsa ya sa na saki jiki kamar na ga yayana. Ya karɓi jakata ya ce in biyo shi zuwa motar Nima. Na bi farar hular nan cikin cunkoso, na bi, na bi, sai na ga ashe wata farar hular nake bi, a kan wani dattijo da ba ruwansa da ni.

Kayan sawata suka tafi, da kilishin da Inna ta ƙulle mini, da yajinta. Takarduna da wayata kaɗai suka tsira, saboda suna aljihun ciki. Na tsaya gefen wata rumfa ina jin kuka yana taso mini, ga ni ƙato da gemu. Wata mai dakon kaya, da goyo a bayanta da faranti a ka, ta dube ni ta gane abin da ya faru ba tare da na faɗa ba. Ta ja hannun rigata har bakin torotoro, wato ƙaramar motar haya, ta yi wa kwandasta magana da harshen da ban sani ba, ta juya ta tafi. Ko sunanta ban tambaya ba, kuma har yau abin yana damuna.

A Nima aka kai ni gidan Alhaji Seidu, tsohon ɗan kasuwar goro wanda kakansa ya zo daga Kano. Shi ne mai saukar baƙi a layinsu. Ya saurari labarina yana taunar goro, ya yi dariya har da tari.

“Tudu ya yi maka akwaaba ke nan,” in ji shi, wato maraba. “Sunanka?”

“Habibu, Alhaji.”

“Habibu, Hausanka ya yi nauyi paa, sosai. Nan mu ba mu wahalar da kanmu. Ga ɗaki. In ka yi kirki, kai ɗana ne. In ka yi ɓarna, sunana ka ɓata, don ni za a tambaya.”

Makonnin farko kewa ta kusa kashe ni. Hausa suke yi, amma mace da namiji duk “ya” ne a bakinsu, suna tsoma Turanci da Tuwi da Ga a tsakiya, ni kuwa in na yi magana sai yara su ce in maimaita don su ji daɗi. Gidajen a manne suke da juna, lungu ba ya ɗaukar mutum biyu, rufin kwano ya taɓa rufin kwano. Abin da ya fara kwantar mini da hankali ƙaramin abu ne. Wata safiya wani mai gyaran tauraron ɗan'adam ya jingina tsani a bangon maƙwabta, kafin ya taka sai ya ɗaga murya: “Agoo! Namiji zai hau sama!” Ya tsaya. Can daga cikin gidaje mata suka amsa, “Amee!” sannan ya hau. Mahaifina magini ne, kuma haka na taso ina jin sa a Katsina, ba ya hawa katanga sai ya ce, “Gafara dai masu gida, za a hau,” ya jira a kimtsa. A Nima ma, kamar a gidanmu, yawancin banɗakunan wanka ba su da rufi. Ranar na ji kamar an matso mini da gida kusa.

Aikin da ya kawo ni yana Adabraka, a saman wani bene. Ƙaramin kamfani ne mai jirage marasa matuƙa, irin masu farfela huɗu, suna ɗaukar magani daga ma'ajiya zuwa ƙananan asibitoci da shagunan magani na Nima da Maamobi, saboda cunkoson hanya yana iya cinye wa mai babur rabin yini. Sun ɗauke ni ne don ina da takardar fasaha kuma ina jin Hausa, zan iya magana da masu shagunan zango, wato unguwannin masu jin Hausa. Shugabata wata mata ce Akosua, mai saurin magana da saurin yafewa.

Amma ba ni ke tuƙa jiragen ba, ba kuma ita ba. Akwai wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira da ke kula da su duka a lokaci guda. Ita ke zaɓa wa kowane jirgi hanya, ta lura da batir da iska, ta yi magana ta lasifika in wani abu ya taso. Na raɗa mata suna Kawu, saboda komai ya sani kuma ba ya gajiya da gyara wa mutum zance. Hausarsa irin ta masu karanta labarai ce, ta fi tawa ma nauyi. Aikina in zauna gaban allo ina kallon ɗigo-ɗigo suna tafiya a kan taswira, in Kawu ya ce ga shawara in amince ko in hana. Da yake filin jirgin sama yana kusa, ba a yarda mu tashi sama sosai ba, don haka jiragenmu ƙasa-ƙasa suke bi, kuma Kawu yana son gajeriyar hanya, wato ta saman gidajen mutane. Kowane jirgi yana da kyamara a cikinsa mai kallon ƙasa don ya ga wurin sauka. Tun ranar farko Akosua ta gaya mini cewa Kawu kaɗai ke amfani da ita, yana dushe duk siffar mutum nan take, ba ya ajiye komai. Na riƙe wannan magana na kwanta a kanta.

Wata safiya, gari ya waye ke nan, Kawu ya ce shirwa ta kai wa wani jirgi bugu a saman Maamobi. Ya ce zai sauko da shi ƙasa kaɗan ya tsayar da shi wuri ɗaya har tsuntsuwar ta tafi. Na ce na amince. Ɗigon ya yi ja, ya daɗe a tsaye, sannan ya koma kore ya ci gaba da tafiya. Na ci gaba da shan kokona.

Ba a yi kwanaki ba na lura gaisuwa ta fara gajarta. Mai kokon da take ƙara mini ƙosai kyauta ta ce ya ƙare, alhali ina kallon tukunyar a cike. A masallaci wanda ke kusa da ni a sahu ya ɗan ja kafaɗarsa. Da yamma ina dawowa, wani mutum ya tare ni a lungu. Fuseini ne, mai sayar da kayan gyaran mota a Abossey Okai, ƙaƙƙarfa, kuma bayansa akwai wasu mutum uku ko huɗu.

“Kai ne ɗan Najeriya mai jirgi?”

“Ni ne, yallaɓai.”

“Bar yallaɓai. Matana ya shiga wanka, ya ɗaga kai, ya ga abinka a sama yana kallon shi. Ya fito da sabulu a ido yana kuka. Duk Maamobi mata sun ce ba su iya wanka da safe koraa, ko kaɗan. An ce kana zama a ofis kana kallon matan mutane a talabijin.”

Na ce wallahi ba haka ba ne, na fara bayanin kyamara da dushewa. Bai bar ni na gama ba, ya damƙi wuyan rigata ya manna ni da bango. Abin da ya cece ni shi ne wani daga cikinsu ya ce, “Baƙon Alhaji Seidu ne, a kai wa Alhaji magana tukuna.” Suka sake ni. Na isa gida a tsorace, amma abin da ya fi tsoron ciwo shi ne na san da ni ne Fuseini, abin da zan yi ke nan.

Alhaji ya kira ni bayan magariba. Bai yi tayin goro ba.

“Habibu, tambaya ɗaya. Akwai hoton mata a cikin injinku, ko babu?”

“Babu, Alhaji. Na rantse da Allah, injin ba ya ajiye komai.”

“To. Gobe zan tsaya gaban sarkin zango da limamai in ce babu. Na saukar da baƙi tun kafin a haife ka, ba a taɓa kama ni da ƙarya ba. In ya fito akwai, kai za ka hau mota ka tafi, in ma sun bar ka ka kai tasha. Ni nan zan zauna da kunya har in mutu.”

Ya je ya faɗa. Dattawa suka yanke cewa maganar Alhaji ta isa a dakata da dukan kowa, amma ba ta isa a rufe zance ba. Za a je ofis a duba. Da yake abin ya shafi tsiraicin mata, namiji ba zai kalla ba. Hajiya Memuna ce za ta duba, magajiyar matan Maamobi, tsohuwar da mijinta ya daɗe da rasuwa, wadda ko sarkin zango ba ya katse ta in tana magana. Aka sa ranar Asabar.

Ranar Juma'a da safe, don kawai in ƙara samun natsuwa, na tambayi Kawu.

“Kawu, ba mu da wani hoton bidiyo a ajiye, ko?”

“Akwai guda ɗaya,” in ji shi, da muryarsa ta kullum. “Idan jirgi ya gamu da hatsari, ina ajiye ainihin hoton ba tare da dushewa ba, domin injiniyoyi su bincika. Na ajiye na ranar da shirwa ta kai hari a Maamobi.”

Na tambaye shi ko akwai mutum a ciki.

“Akwai mutum ɗaya, a wani fili marar rufi da ke bayan gida.”

Na ce ya goge. Ya ce ba shi da izinin goge hoton hatsari kafin a kammala bincike, ko da Akosua ta sa baki. Na ce to in an tambaye shi gobe ya ce babu. Ya ce ba zai faɗi abin da ba haka yake ba, amma zai iya taimaka mini in tsara yadda zan yi wa mutane bayani. Na zage shi, zagin da ban taɓa yi wa ɗan'adam ba, ya ce ya fahimci ina cikin damuwa. Akosua da ta ji, ta zauna ta dafe kai. Ita ma ta manta da wannan ƙa'idar, tunda ba a taɓa yin hatsari a saman gida ba. Ta ce in ina so in bi motar yamma in bar garin, ba za ta ga laifina ba.

Na yi tunanin haka, ba zan ɓoye ba. Har na tsaya a bakin titi ina kallon torotoron Tudu suna wucewa. Amma guduwata tana nufin Alhaji ya yi ƙarya a gaban limamai, kuma ɗan Najeriya ya kalli matan mutane ya tsere. Na koma Nima. Na sami Alhaji a ƙofar gida yana lazimi, ya ɗaga kai ya yi mini murmushi, na buɗe baki in gaya masa, na kasa. Na gaishe shi na shige ɗaki, abincin da aka aiko mini ya huce a inda aka ajiye shi.

Asabar da hantsi suka iso Adabraka. Maza suka tsaya a ƙasa bakin titi, Alhaji da Fuseini da wakilin sarki da wasu da ba a gayyata ba, sun fi waɗanda aka gayyata yawa. Hajiya Memuna ta hau bene a hankali, tana hutawa a kan matakala, da carbi a hannu da mayafi fari. Ta ƙi kujerar da Akosua ta ba ta sai da ta ƙare wa ɗakin kallo. Ni dole in kasance a ciki, domin Kawu ba ya buɗe irin wannan ajiya sai da muryar shugaba da ta wanda yake bakin aiki ranar hatsarin. Hajiya ta nuna mini kusurwa da carbinta.

“Juya. Fuska a bango. In ka waiga, zan kira su.”

Na juya. Fentin bangon ya ɗan ɓare a daidai idona, na kafa ido a wurin. Kafin a ce komai na ce, “Mma, ina da magana. Na gaya wa Alhaji babu komai, don haka na sani a lokacin. Jiya na gano akwai guda ɗaya. Ban kalla ba.”

Ta ce, “Ina injin? Yana jin Hausa?”

“Ina ji, Hajiya,” in ji Kawu. “Barka da zuwa.”

“Ei. Kai ne kake yawo da abin nan a kan gidajenmu?”

“Ni ne nake zaɓar hanya.”

“Da za ka wuce, ka yi agoo?”

Kawu ya ce bai san ana yi ba, ya roƙe ta ta bayyana masa. Ta ce, “Wannan da ke fuskantar bango ya sani. Ba a yi a garinku, ɗan Katsina?” Na ce ana yi, Mma. Ni kullum ɗigo nake gani a kan taswira, ban taɓa kawo wa raina cewa namiji ne yake hawa sama ba.

Ta sa Akosua ma ta juya baya. Muka ba da izini, mu biyu, kowa yana magana da bango. Hoton ba shi da sauti. Ina jin hayaniyar maza daga ƙasa, ina jin fanka, ina jin ƙwayoyin carbinta suna bugun juna ɗaya bayan ɗaya. Sai carbin ya tsaya. Na ji ta ja numfashi, ta ce “Innalillahi” can ƙasa-ƙasa. Na ce a raina shi ke nan, matar Fuseini ce, kuma ƙofar benen nan ɗaya ce.

Da ta yi magana, muryarta ba ta rawa.

“Kai inji. Wa ya kalli wannan?”

“Babu wanda ya buɗe shi kafin ke, Hajiya. Ke ce ta farko.”

“Ɗan Katsina fa?”

“Bai buɗe ba. Jiya ya nemi in goge, na ƙi. Ya nemi in ce babu, na ƙi. Amma bai nemi ya kalla ba.”

Da ina da iko da na tsinke wayar lasifikar nan. Hajiya ta yi wani ɗan sauti, ban san ko dariya ba ce. Ta yi wa Akosua wasu maganganu masu tsawo da harshen Tuwi, daga baya Akosua ta fassara mini: ba injiniyan da zai buɗe hoton, in binciken dole ne mace za ta yi shi a gabanta, sannan a goge tana kallo. Jirage kuma su bi ta saman babban titi da babbar kwata, in dole sai an ratsa gidaje, a sa musu murya su yi agoo tun daga nesa. Kawu ya ce hanyar za ta ƙara tsawo amma zai iya.

Muka sauko, ita a gaba, ni a baya kamar wanda za a kai kotu. Na kasa kallon Alhaji.

“Baƙon Alhaji bai kalli kowa ba,” in ji ta. “Na tambaya, na duba. Ku koma gida.”

Fuseini ya matso. “Mma, matana fa?”

“Matanka babu a ciki. Ya ga jirgi ya tsorata, yana da gaskiya. Ka je ka ba shi haƙuri, kuma ka saya kwano ka rufe masa banɗaki, kai da kake da shago.”

Wani daga baya ya ce, “To Hajiya, akwai wani a ciki ne?”

Ta juya ta neme shi da ido har ta same shi. “Ni kake tambaya sau biyu?” Taron ya fara watsewa. Alhaji ya kama hannuna ya riƙe, ya ce, “Na gaya musu ɗana ne.” A hanya na faɗa masa duk abin da ya faru a sama, da muka kai gida ya ce abin da Magajiya ta rufe ba shi zai buɗe ba.

Bayan an goge hoton, na sayi lemo da goro na tafi Maamobi in yi mata godiya. Na tsaya a ƙofa na ce agoo, aka ce amee. Tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa. A bayan gidan na hango kafinta yana buga sabon kwano a kan wani ɗan ɗaki. Ta ga inda idona ya je.

“Zauna,” in ji ta. Na durƙusa. Ta ci gaba da tsintarta, ba ta dube ni ba. “Ni ne a ciki.”

Na rasa inda zan sa fuskata.

“Tun da maigidana ya rasu, na ɗauka ba mai sake ganina haka sai masu wankan gawa. Sai ga ni zaune a ofis ina kallon kaina, tsohuwa da bokiti. Da wata yarinya ne, da yau aurenta ya mutu, kai ma ban san me zai same ka ba. Allah ya sa ni ne.” Ta ture tsakuwa gefe da ɗan yatsa. “Uwarka yana da rai?”

“Tana nan, Mma.”

“Banɗakinsa yana da rufi?”

Na ce babu.

Ban jira na kai Nima ba. A bakin kwata na tsaya na kira ƙanena a Katsina, na ce ya nemo kafinta a rufe wa Inna banɗaki cikin makon nan. Ashe tana kusa, ta karɓi wayar tana dariya.

“Habibu, lafiyarka kuwa? Tun ina amarya nake wanka a wurin nan. Wa zai gan ni ta sama in ba Allah ba?”

Daidai lokacin wani jirginmu ya taso daga wajen Adabraka yana bin kwata, da sabuwar muryarsa yana cewa agoo, agoo. Inna ta ce mene ne wannan yake ƙara a kusa da kai. Na ce mata, “Inna, ki dai bari a rufe.”